Dukiyar da Ba Ta Shiga Littafi Ba: Cikowar Kogin Haɗejiya da Rayuwar Mutanen Fadama

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta bi diddigin tarihin wata dukiya wadda fiye da mutum miliyan ɗaya suke ci daga cikinta, amma aka daɗe ba a rubuta ta a littafin kuɗi na kowace hukuma ba. Dukiyar kuwa ita ce cikowar da Kogin Haɗejiya yake yi kowace damina, ya malale fadamun da ke tsakanin Haɗejiya da Nguru da Gashuwa. Za a yi ƙoƙarin nuna abubuwa uku. Na farko, cewa da yawa daga cikin ɗabi'un mutanen wannan ƙasa, waɗanda mukan ɗauka al'ada ce kawai ko halin mutum, lissafi ne na neman abinci wanda zuwan ruwa da janyewarsa suka tsara. Na biyu, cewa hukumomi tun daga zamanin Turawa sun saba ƙidaya abin da ya hau sikeli ne kaɗai, saboda haka da aka zo gina madatsun ruwa sai aka ɗauki cikowa tamkar ruwan da yake tafiya a banza. Na uku, cewa da kalandar ruwa ta sauya, zaman mutane da junansu ma ya sauya.

Kafin a shiga cikin magana, ya kamata a bambanta kalmomi biyu. Cikowa ita ce tumbatsar kogi wadda aka san lokacinta, ake jiranta, ake shiri dominta. Ambaliya kuwa ita ce ruwan da ya zo ba shiri ya ci gona da gida. Tarihin da za a kawo, a taƙaice, labari ne na yadda cikowa ta ragu, ambaliya ta ƙaru.

2.0 Kogin da Ƙasarsa

Kogin Haɗejiya ya samu ne daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Calawa a kudancin birnin Kano. Daga nan ya bi ta Wudil da Ringim ya nufi gabas maso arewa. A can sama ƙasar dutse ce a ƙarƙashi, don haka ruwa ba ya nutsewa sosai, gangarowa yake yi. Amma da ya wuce Wudil sai ya shiga ƙasar rairayi mai shan ruwa, wadda ta shimfiɗu har Tafkin Cadi. A gabashin garin Haɗejiya kogin yakan ci karo da tsofaffin jigayi waɗanda iska ta tara tun zamanin da hamada ta taɓa saukowa kudu. Waɗannan jigayi su ne suke raba ruwan zuwa rassa, kamar Marma wadda take zuba a Tafkin Nguru, da Burum Gana, da tsohon Kogin Haɗejiya, da kuma reshen Kafin Hausa wanda ya rabu tun kafin a iso garin. Daga kudu kuma Kogin Jama'are, wanda ya taso daga tsaunukan Jos, yakan kawo nasa ruwan. Su biyun suna haɗuwa kafin Gashuwa su zama Kogin Yobe.

Abin lura a nan shi ne, ruwan saman da ke sauka a wannan yanki kaɗan ne, wata uku zuwa huɗu, kuma ba shi da tabbas. Amma ruwan da ya sauka a ƙasar Kano da Bauci da Jos, inda damina ta fi nauyi, yakan iso nan a watan Agusta da Satumba. Watau manomin Guri ko Kiri Kasamma yana da damina biyu: ta samansa da ta saman wasu. A shekarun 1960 ruwan yakan rufe fili fiye da murabba'in kilomita 2,000 a shekara mai albarka.

3.0 Lissafin da ke Ɓoye Cikin Al'ada

Mutanen wannan ƙasa gauraye suke: Hausawa da Fulani da Badawa da Mangawa da Barebari da Gizimawa, da kuma zuriyar Auyokawa waɗanda harshensu ya riga ya ɓace. Duk da bambancin asali, tsarin neman abincinsu kusan ɗaya ne, domin ruwa guda ne yake juya su.

Abu na farko shi ne raba ƙafa. Magidanci yakan shuka gero da dawa a tudu, ya shuka shinkafa a fadama kafin ruwa ya iso. In damina ta gaza, tudu ya ƙone, ruwan Kano da Jos zai ceci shinkafa. In kuwa cikowa ta yi yawa ta shanye shinkafa, to wannan shekarar kifi zai yi araha, kuma danshin da ruwa zai bari zai ba da wake mai yawa idan ya janye. Baƙon da ya ga mutum da ƙananan gonaki a warwatse, yana ɓata lokaci wajen tafiya tsakaninsu, zai iya cewa rashin tsari ne. Haƙiƙa kuwa inshora ce wadda ba a biyan kowane kamfani dominta.

Abu na biyu shi ne yadda fili guda yake da masu amfani uku. Lokacin da ruwa ya rufe shi, na masunta ne, masu koma da taru da gora, a ƙarƙashin ikon Sarkin Ruwa ko mai unguwa, wanda yake da ta cewa a kan ranar da za a faɗa wa tafki. Da ruwa ya janye, filin ya koma hannun manomi. Bayan girbi kuma sai Bafulatani ya sauko da shanunsa daga tudu, su ci kara da ɗanyar ciyawa, su bar taki. Kowannensu ya ɗebi rabonsa ba tare da ya rage na ɗan'uwansa ba, domin lokacinsu ya sha bamban. Zumuncin da aka sani tsakanin manomi da makiyayi, na musayar nono da hatsi da ba da masauki, a kan wannan rabon lokaci aka gina shi.

Abu na uku shi ne cin rani. A yawancin ƙasar Hausa, da an gama kaka samari sukan fita neman kuɗi. A fadama kuwa rani lokacin aiki ne: ga su, ga lambun albasa da tattasai da barkono da ake ba ruwa da jigo, ga yankan kaba, ga ɗibar kanwa da itacen wuta. Saboda haka nan wurin saukar 'yan cin rani ne. Karɓar baƙo a irin wannan ƙasa halin kirki ne, amma kuma ƙarin hannu ne a lokacin da aiki ya fi ƙarfin mutanen gida.

Abu na huɗu ya shafi mata. Matar da ba ta fita kasuwa takan turara shinkafa, ta yi bandar kifi ko ta soya, ta saƙa tabarma da faifai, yara su kai talla. Daga wannan ciniki ake zubin adashi, ake tara kayan ɗakin 'ya mace, ake yin gudummawar biki da suna. Ashe ke nan girman garar amarya a ƙauyen fadama yana da alaƙa da tudun da ruwa ya kai a watan Satumba.

Abu na biyar shi ne wanda ido ba ya gani sam. Ruwan da ya kwanta a fadama wata biyu ko uku yana nutsewa ƙasa, ya cika rijiyoyin ƙauyukan da ke nesa da bakin kogi. Mai jan guga a tudu bai taɓa ganin cikowa a ƙofar gidansa ba, amma tsawon igiyarsa cikowa ce take yanke shi.

4.0 Abin da Mahukunta Suka Ƙidaya

Kafin jihadi wannan yanki ƙananan masarautu ne, kamar Auyo da Haɗejiya da Garun Gabas, wadda ita ce Biram ta cikin Hausa Bakwai, kuma suna bin Barno ta hannun Galadima mai zama a Nguru. A farkon ƙarni na 19 Fulani ƙarƙashin Umaru da ƙanensa Sambo suka karɓi tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, suka haɗe su suka zama masarautar Haɗejiya. Sarki Buhari, wanda ya fara sarauta a 1848 ya rasu a 1863, ya yi shekaru yana bijire wa Sakkwato. Masana tarihi sun fi mai da hankali ga jaruntakarsa da dabarun yaƙinsa. Amma a ganina ya kamata a tambaya: da me ƙaramar masarauta ta ciyar da dawaki da mayaƙa shekara da shekaru tana gaba da maƙwabtanta? Ƙasar da ke da ciyawa da ruwa da abinci a tsakiyar rani tana da wani ƙarfi wanda ƙasar tudu ba ta da shi.

Sarakunan ƙasar Hausa sun san darajar fadama. A ƙasar Kano, alal misali, ban da kuɗin ƙasa akwai kuɗin rafi da ake karɓa daga masu lambu, akwai kuma jangali a kan shanu. Mai mulkin da yake zaune kusa da talakawansa yana ganin abin da ke shiga rumbu.

Turawan Ingila sun ci Haɗejiya da yaƙi a watan Afrilu 1906, inda Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da jama'arsa masu yawa. Daga nan ma'aunin dukiya ya fara sauyawa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sannan a 1930 aka kai dogo Nguru, ya bi ta Malam Madori da Birniwa, ya bar garin Haɗejiya a gefe. Kamfanonin sayen gyaɗa da fatu suka kafa kantuna a bakin tasha. Gyaɗa kuwa amfanin tudu ce. Ana auna ta a sikeli, a zuba a buhu, a rubuta a littafi, a tara ta dala a Kano, daga baya kuma hukumar ciniki ta yanka mata farashi ta ɗebi rarar. Kowane buhu gwamnati ta san da shi. Amma tarwaɗar da aka ci a gida, da shinkafar da aka sayar a mudu a kasuwar ƙauye, da ciyawar da saniya ta ci, da ruwan da ya cika rijiya, babu wanda ya ratsa ta gaban akawu. Abin da bai shiga littafi ba kuwa, idan aka zo tsara ƙasa a ofis, darajarsa sifiri ce.

5.0 Fari da Madatsun Ruwa

Ba adalci ba ne a ce waɗanda suka gina madatsun ruwa ba su da hujja. Farin 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobi ya kawo yunwa a duk faɗin Sahel. A 1975 cuta ta cinye gyaɗa. Birnin Kano yana ta bunƙasa yana neman ruwan sha. Kuɗin man fetur kuma sun shigo. Gwamnatin Jihar Kano ta Audu Bako, wadda Haɗejiya take ƙarƙashinta a lokacin, ta ga cewa maganin fari shi ne a tare ruwan damina a yi noman rani da shi. Aka gama Madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, aka buɗe filayen noman rani na Kadawa da Kura. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are. A 1992 aka gama Madatsar Calawa, kuma a wajen wannan lokaci aka datse kogin kusa da Auyo domin shirin noman rani na kwarin Haɗejiya. Tiga da Calawa tare suna riƙe da ragamar kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga Kogin Haɗejiya. An kuma tsara wata babbar madatsa a Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are, wadda aka fara aka dakatar, aka yi ta muhawara a kanta shekaru da dama.

Alherin waɗannan ayyuka a bayyane yake: shinkafar Kura, da tumatirin Kadawa, da ruwan famfon Kano. Ana iya kai baƙo ya gani. Hasararsu kuwa ta warwatsu a ɗaruruwan ƙauyuka, kowane gida ya rasa ɗan kaɗan. Madatsu da farin 1983 da 1984 suka haɗu, filin da ruwa ke rufewa ya ragu, har a shekaru da dama bai kai murabba'in kilomita 1,000 ba. Tun daga 27 ga Agusta 1991, da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa da Jihar Yobe, sai ya zama madatsun suna wata jiha, fadamar tana wasu jihohi, makullin kuma yana hannun hukumar tarayya.

6.0 Lissafin da Aka Yi Daga Baya

A 1987 aka kafa shirin kiyaye fadamun Haɗejiya da Nguru. Abin da ya fara jawo hankalin ƙungiyoyin waje shi ne tsuntsayen da ke tasowa daga Turai su yi hunturu a nan. Amma ba a daɗe ba ma'aikatan shirin suka gane ba za a kiyaye tsuntsu ba sai an kiyaye ruwa, ba za a kiyaye ruwa ba kuma sai an nuna wa gwamnati darajarsa da harshen da take ji, watau kuɗi.

A farkon shekarun 1990 masana uku, Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage, suka yi wannan lissafi. Suka ɗauki abubuwa uku kaɗai, noma da su da itacen wuta, suka ƙiyasta ribar da fadama take bayarwa, suka raba da yawan ruwan da take sha. Suka yi haka ga shirin noman rani na Kogin Kano. Idan aka auna da hekta, gonar noman rani tana iya burgewa. Amma da aka auna da ruwa, wanda shi ne abin da ya yi ƙaranci, sai aka ga ribar da fadama take fitarwa daga kowane ma'aunin ruwa ta ninka ta shirin gwamnati fiye da sau goma. Kuma ba su sa kiwo a ciki ba, ba su sa cikar rijiyoyi ba. A 1998 Barbier da Julian Thompson suka nuna cewa idan aka gina dukan madatsun da aka tsara, ribar sabon noman rani ba za ta biya hasarar fadama ba, kuma hanyar rage ɓarna ita ce a riƙa sakin ruwa daga madatsu a lokacin da aka saba cikowa. A 2000 Gayatri Acharya da Barbier suka ƙiyasta darajar ruwan da ke nutsewa ƙasa ga masu lambu.

Irin wannan darasi an koye shi a wasu wurare. A arewacin Kamaru, madatsar Maga da aka gina a 1979 domin noman shinkafa ta busar da fadamar Kogin Logone, masunta da makiyaya suka watse, har a 1994 aka buɗe wata mashiga aka mayar wa wani sashe na fadamar ruwansa.

7.0 Da Kiɗa ya Sauya

Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Sauyi na farko ya zo ta hanyar farashi. A 1985 gwamnati ta hana shigo da shinkafa, a 1987 ta hana shigo da alkama, kuma aka riƙa sayar da ƙananan injinan ban ruwa da rangwame. Alkama ta yi tsada, sai masu hali, har da 'yan kasuwa da ma'aikata daga birane, suka faɗa wa fadama suna share daji suna shukawa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta riga ta sauƙaƙa wa mai hanya a ofis samun fili. Filin da a da yakan huta da rani ya zama makiyaya, yanzu kore ne shar da amfanin wani a daidai lokacin da shanu suke saukowa. Masu amfani uku da suke bin juna sun koma suna neman fili guda a wata guda. Rikicin manoma da makiyaya da ya addabi yankin Guri da Kiri Kasamma akan fassara shi da ƙabilanci ko lalacewar tarbiyya. Ruwa ba ya tsami banza. Manomin da ke da takin zamani ba ya bukatar kashin shanu, karan da a da ake bari kyauta kuma ya zama abin sayarwa.

Sauyi na biyu ya zo ta hanyar ciyawa. A da kogin yakan ƙafe da rani, rana da shanu da wuta su share magudanai. Da aka fara sakin ruwa daga Tiga duk shekara domin noman rani da ruwan sha, sai magudanan suka zauna da ɗan ruwa marar zurfi koyaushe, wanda shi ne abin da kacala take so. Kacala ta toshe tsohon Kogin Haɗejiya da Burum Gana, laka ta taru, yawancin ruwan ya karkata Marma. Sakamakon haka, ƙauyukan wani reshe suna kukan ƙishi, na wani reshe gonakinsu sun nutse shekara da shekaru. Kacala ta zama maɓoyar jan-baki mai cinye shinkafa da gero, da sauro. Wani ƙauye ya haƙa hanya ya jawo ruwa, wani ya tare da buhunan ƙasa, maƙwabta suka zama abokan shari'a. Da damina mai nauyi kuma, kogin da ya cushe ba ya iya ɗaukar ruwa, sai ya fasa, kamar yadda aka gani a 2001 da 2012 da 2020 da 2022.

An yi ƙoƙarin gyara. Jama'a sun yi ta aikin gayya suna yanke kacala suna buɗe magudanai. A 2000 aka sa Tafkin Nguru da Marma cikin jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar, a 2008 aka ƙara da Baturiya. A 2006 gwamnonin Bauci da Barno da Filato da Jigawa da Kano da Yobe suka haɗu a Damaturu suka amince da kafa asusun kula da kogin baki ɗaya.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da darussa uku ga masu nazarin tarihi da masu tsara ƙasa. Na ɗaya, idan muka ga wata al'ada ta daɗe a cikin jama'a, ya kamata mu tambayi wace matsalar neman abinci take warwarewa, tun kafin mu kira ta jahilci ko mu rushe abin da take tsaye a kai. Na biyu, littafin haraji da rahoton Razdan ba su ne dukan tarihin arziki ba. Mai bincike sai ya je wurin Sarkin Ruwa da Arɗo da mai turara shinkafa, domin a bakinsu sauran lissafin yake. Na uku, kowane shiri da zai taɓa kogi, ko sabuwar madatsa ce ko faɗaɗa noman rani, a auna shi da ruwan da zai sha, a kuma rubuta sunan wanda za a rage wa rabo.

Madatsun Tiga da Calawa sun zauna, miliyoyin mutane sun dogara da su, babu mai cewa a rushe su. Abin da ya rage a hannunmu shi ne makulli: yaushe za a buɗe, nawa za a saki, wa za a tambaya kafin a yi. Ranar da aka ba manomin Guri da masuncin Marma da makiyayin Baturiya kujera a wurin da ake yanke wannan shawara, ranar ce dukiyarsu za ta shiga littafi.